Mai Takaba a Takardar Mamaci

Ina da wani ɗan aibi, gara in faɗe shi da bakina tun yayata Adda ba ta riga ni ba: in na je gaisuwar mutuwa, ban san lokacin tashi ba. Mutane su zauna, a yi addu'a, a shafa, kowa ya nemi takalminsa. Ni kuwa a lokacin nake gyara zama.

Da Haladu makaniki ya rasu a Babura, na je ran farko, na je sadakar uku, na je ta bakwai, na kuma je waɗansu ranakun da babu malamin da ya san sunansu. Daga Kazaure nake tasowa in an tashi makaranta, a kan babur ɗina, tsohuwar Basfar da na saya shekarar Udoji. Har ta kai masu zaman makoki suna matsa mini wuri a tabarmar dangi. Wani baƙo ma ya riƙe hannuna ya ce ya haƙuri. Na ce da godiya.

Haladu ba ɗan'uwana ba ne, ba kuma abokina ba ne. Shi ne mutumin da ya auri Kaltume.

Ni na fara ganinta. Ina koyarwa a firamaren Babura lokacin da suka gangaro daga Magariya, can ƙasar Nijar, ita da mahaifinta, shekarar farin da ya cinye shanu. Na so ta, ta so ni, tsohon ma bai ƙi ba. Amma na ce a dakata mini in ci jarrabawar malanta tukuna, kada a ce malami ya yi aure da rabin albashi. Na faɗi sau biyu. Kafin in ci a karo na uku tsohon ya rasu, Kaltume ba ta da kowa, Haladu ɗan garinsu kuwa ba ya jiran sakamakon komai.

Ni ma na yi aure daga baya. Matar ta tafi Roni ganin gida, ta aiko a ba ta takardarta, na ba ta. A duk rubutun da na yi a duniya, shi kaɗai aka karɓa ba a ce in gyara ba.

To, yanzu Haladu ya tafi, Allah ya ji ƙansa. Babbar mota ce ta zame daga kan jak ta danne shi a yadin kamfanin da ke shimfiɗa kwalta. Kaltume ta shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma ba kwalli, ba turare, ba leƙa ƙofar gida, kuma babu namijin da shari'a ta yarje wa ya ambaci aure a gabanta. Na ce ba komai. Jira dai na iya shi, shi ne sana'ata ta biyu.

Takabar ta yi rabi ke nan, sai rediyo ta yi magana.

Duk baƙon da ke zaune a ƙasar nan ba da takarda ba, an ba shi mako biyu ya tattara ya fita. A ɗakin malamai aka yi ta murna, wai 'yan Gana za su tafi, aiki zai samu. Malamin lissafinmu ɗan Gana ne, yana nan zaune yana duba littattafan yara, bai ɗaga kai ba. Ni ma ban sa baki ba. Na tuna Magariya ma wata ƙasa ce. Mu nan ba mu cika tunawa ba.

Adda ce ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, kuma har yau ba ta sake ni ba. Tana jin na tayar da Basfa ta fito zaure ba ko mayafi. Ta ce ta san inda za ni, garin nan kaf an sani, har matar alƙali ta tambaye ta ko an sake mayar da ni Babura ne. Ta zayyana mini: mace ba haihuwa, ba dangi, ba gidan da za a je a tambayi asali, ga shi yanzu gwamnati da kanta ta ce ba ta so. Mu kuwa, in ji ta, tun kakanmu a fada ake ganinmu da alƙalami.

"Lauwali, mutumin nan ko ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba."

"Adda, takarda kawai zan duba mata."

"In ka fita ƙofar nan, kada ka sake ce mini Adda."

Na fita. Da na dawo na ce mata Adda ta amsa, amma daga ranar tuwona ya daina zuwa.

A ƙofar gidan marigayi na tarar da a-kori-kurar Alhaji Halliru, dillalin hatsi, ana sauke buhun gero. Shi ma shari'a ta hana shi faɗin abin da ke ransa, don haka buhuna yake sa wa su faɗa masa. Mutum ne mai fara'a, irin wanda za ka yi iya ƙoƙarinka ka tsane shi ka kasa. Ya rungume ni, ya tambayi yara da allo, ya ce ya ji rediyo, amma kada kowa ya damu, yana da mutum a Kano. A ba shi takardar kawai, shi ya san yadda zai yi da ita.

Na ce ai harkar ofis sai wanda ya san ofis. Ya yi dariya ya ce haka ne, Malam.

Cikin gida kuma akwai Gwaggo Amarya, ƙanwar mahaifin Haladu, wadda ta zo daga Magariya don ta zauna da mai takaba. Ita rediyon nan daɗi ya yi mata. Ta ce ai dama can ne gida. Abu, wan marigayi, ya riga ya sa an yaɓe ɗaki, Kaltume ta je ta ƙarasa kwanakinta cikin dangin miji, abin da zai biyo baya kuma manya sun san shi.

Duk da haka ta bar ni na shiga, don a gidan babu mai karatun boko. Aka ajiye mini kujera 'yar tsugunno a tsakar gida, daf da ƙofar ɗakin. An saki asabari. Gwaggo ta zauna gefe da faifan wake a cinya, tana tsinta, kunnenta yana wajenmu.

Ban ga Kaltume ba. Ƙafarta kawai na gani ta ƙarƙashin asabarin, ba lalle, dunduniyar ta yi fari.

Muka gaisa. Muryarta ta dushe kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ta turo wani gwangwanin alewa ta ƙasa. A ciki akwai ɗan littafi mai kore, takardar izinin zaman Haladu, da hotonsa yana zare ido. Kamfani ne ya nema masa, kuma ya sabunta masa bai daɗe ba, sai bayan damina za ta ƙare. A ƙasan shafin, layi ɗaya, an rubuta: mata, Kaltume.

Duk zamanta a ƙasar nan shi ne wannan layin.

Na gyara murya irin ta aji. Na yi musu bayani cewa takardar mamaci ta bi mai ita, yanzu Kaltume a idon hukuma ba ta tsaye a kan komai. Abin da ya dace shi ne a je Kano, a nema mata ƙarin wa'adi da sunanta, ita kaɗai, har ta fita takaba. Na yi imani da abin da na faɗa. Amma kuma ganin sunan nata a ƙarƙashin na Haladu ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba.

Da Kaltume ta yi magana, a hankali ta yi, don kada Gwaggo ta tsinta har da ita.

"Malam, ni ban san takarda ba. Abin da na sani, in na haye can, ba zan dawo ba."

"Wata biyu ne fa. Ko can ɗin ne, ai mota tana zuwa."

"Ba ka gane ba. Ba ni da uwa, ba ni da uba, ba ni da ɗan da zan ce don shi. In na zauna gidansu na ci tuwonsu wata biyu, suka zo suka ce Abu, da wane bakin zan ce a'a? Babu mai dukana. Kunya ce za ta ɗaura auren, ni kuma ina zaune."

Na ji numfashinta ya sarƙe. Kuka take, irin wanda ake yi da baki a rufe.

"A nan ina da kekena, ina ɗinka wa mata, ina cin guminta. A nan in na ce a'a, a'a ce. In na ce..." Sai ta tsaya.

"Kaltume, ranar da kika fita, wallahi ni..."

"Kada ka faɗa." Ta katse ni. "Lokacin da ya kamata ka yi magana shiru ka yi. Yanzu da ya kamata ka yi shiru, ka daure ka yi."

Na daure. Gwaggo ta yi tari, ta watsar da wata tsakuwa kusa da ƙafata.

Na ce mata Alhaji ma ya ce zai iya. Na faɗa ne don in ji abin da za ta ce, ba don adalci ba. Ta ce ta sani. Ta ce Alhaji mutumin kirki ne, amma in shi ya tsayar da ita a ƙasar nan, to tuwon gidan Abu ne da wani suna.

"Kai na ba takardar. Ka riƙe mini ƙafata a nan, Malam. Abin da na roƙe ka ke nan."

Na sa littafin Haladu a aljihun gaba na fita ina jin kaina kamar wanda aka naɗa.

Washegari na ce wa hedimasta haƙori ke damuna, na hau motar Kano.

Ofishin shige da fice ya cika har bakin titi. 'Yan Gana da akwatuna, 'yan Chadi da tabarmi, wata mata 'yar Togo da tukwanenta a ɗaure a zani tana shayar da jariri a tsaye. Kowa da takarda a hannu, kowa yana miƙa ta sama kamar za ta fi ta wani tsawo. Na yi layi tun hantsi, sai bayan azahar na kai taga. Yaron da ke ciki bai dube ni ba. Ya turo fom, ya ce a cike, a haɗo da wasiƙar mai tsaya mata, da hotonta guda biyu, fuska a buɗe. Na buɗe baki zan yi bayani, na bayana ya riga ya cusa hannunsa ta kan kafaɗata.

Hoton ne ya zama aiki.

Da na ce zan kawo mai hoto gida, Gwaggo Amarya ta ajiye faifai. Ta ce mai takaba ko madubi ba ta dubawa, balle ta zauna wani ƙato ya leƙe ta ta rami. Ta ce in a Nijeriya haka ake yi, to a gidansu ba a yi. Na kawo mata hujja daga littafi, ta ce in kai wa yaran makaranta. Na je wurin liman, ya ce lalura ce, babu laifi. Na dawo da maganar liman, ta ce liman ba shi ya haifi Haladu ba.

Muna cikin haka sai ga wani abu ya fito ta ƙarƙashin asabari. Hoto ne a gilashi, wanda aka juya fuskarsa ga bango tun ranar rasuwa. Wata Sallah suka ɗauka a Kano. Kaltume tana zaune cikin leshi, Haladu yana tsaye a bayanta da sabuwar hula, ya dafa kafaɗarta.

Shi ke nan hotonta a duniya.

A ɗakin malamai na yi aikin, bayan kowa ya tafi. Na zare shi daga gilashin, na ɗora rula, na bi da reza. Na cire hular, na cire fuskar, na cire ƙirjin. Amma yatsu huɗu suka rage a kan kafaɗarta, baƙaƙe, masu kauri, na mai kama sifana. In na yanke su, na yanke mata wuya. Na gwada shafa musu tawada, suka koma kamar an ƙone su. Na kai wa mai hoton bakin tasha ya wanko mini biyu ƙanana. Da suka fito, fuskarta ta yi dishi-dishi, yatsun kuwa sun fito raɗau.

Wasiƙar mai tsaya mata ni na rubuta, ni na sa hannu. Don kada a ce aikina da saura, na biya ta wurin dagaci na karɓo shaidar rasuwar Haladu, da hatimi da komai. Ba wanda ya tambaye ni ita.

A komawata Kano haƙorin ya sake tashi. Wannan karon na sa babbar riga, na yi Turanci a bakin ƙofa, aka shigar da ni wurin wani babba. Dattijo ne mai furfura a gemu, idonsa ya yi ja don rashin barci. Ya karɓi kayan, ya duba fom, ya ɗaga hoton kusa da fuskarsa.

"Wannan hannun na wane ne?"

Na ce na mijinta ne.

Ya ce me ya hana ta zuwa da kanta, ko shi mijin ya kawo ta. Na ce takaba take yi.

Ya ajiye biro. Ya buɗe littafin Haladu, ya dubi kwanan watan, ya dube ni, ya sake duban kwanan watan. Ya tambaye ni wa ya aiko ni. Na ce ba wanda ya aiko ni, ni malamin makaranta ne, na san doka. Ya tambaya ko wani ya je gidan ya nemi takarda. Na ce a'a, ai ba a jira sai an zo.

Sai ya tattara takardun duka, ya daidaita bakinsu, ya turo mini su gabana.

"Malam, hayaniya ta yi yawa yau, ban ji abin da ka ce ba. Ɗauki kayanka ka je ka yi salla, ka sha iska. In ka ga dama ka wuce gida."

Ni kuwa na ɗauka goro yake nema. Raina ya ɓaci. Na tashi tsaye na yi masa jawabi a kan amana da aikin gwamnati, rabi da Hausa rabi da Turanci, har masinja ya leƙo. Sannan na zaro shaidar dagaci daga aljihu, wadda ban riga na nuna ba, na shimfiɗa ta a tsakiyar teburinsa, na danne da yatsa.

Ya daɗe yana kallonta.

"To. Tunda ka ajiye a teburina, na gani."

Ya jawo hatimi ya buga a kan littafin Haladu, daidai fuskar. Ya buɗe sabon fayil, ya rubuta sunan Kaltume a bangon da manyan baƙaƙe. Da na ga sunan shi kaɗai, ba na kowa a samansa, wani sanyin daɗi ya ratsa ni. Ya nuna mini wani gurbi da na bari a fom, inda ake tambayar mene ne ni a wurinta. Na tsaya da biro a hannu. Miji ba dama, ɗan'uwa ƙarya ne, maƙwabci kuma tsakaninmu tafiyar mota ce. Na rubuta: mai fatan alheri.

Ya karanta, bai yi dariya ba. Ya yago mini 'yar takardar shaida, ya ce za a ji daga gare su.

Ban tsaya Kazaure ba, kai tsaye Babura na wuce. Na tura 'yar takardar ta ƙarƙashin asabari, na ce ga sunanki nan, naki na kanki. Na ba ta labarin yadda na tsaya wa babban ofisa, na ƙara gishiri kaɗan. Na ji ta yi dariya, 'yar gajeriya, ta farko tun rasuwar. Ta ce Allah ya saka, Allah ya sa ta ga ranar da za ta gode mini ba ta bayan kara ba. Gwaggo ta yi tari har sau biyu, ban ko waiwaya ba.

A zaure na ci karo da Alhaji Halliru. Na nuna masa takardar, don dama shi na fi so ya gani. Ya juya ta, ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya tambaye ni, a hankali, ko na gaya musu Haladu ya rasu. Na ce har da shaidar dagaci.

Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya miƙo mini takardar, ya ce Allah ya kyauta, ya fita bai rungume ni ba. Na ce a raina hassada ce.

Ana gobe wa'adin rediyo zai cika, ina cikin aji, direban Alhaji ya tsaya a taga ya ce in zo yanzu.

Landiroba ce a ƙofar gidan. Ma'aikata biyu suna zaune a zaure, an kawo musu ruwa sun sha, sun cire huluna. Ba su yi wa kowa tsawa ba. Babban cikinsu ya miƙo mini wasiƙa, ya ce tunda ni na kai maganar ofis, ni ya kamata in karanta mata.

Na karanta a tsakar gida, a tsaye. An duba roƙonta. Izinin da take zaune a kansa an soke shi saboda rasuwar mai shi. Ba ta da miji a ƙasar nan, ba ta da wurin aikin da ya tsaya mata, wanda ya sa mata hannu kuma ba danginta ba ne. Ba a amince ba. Ta fita kafin wa'adi ya cika.

Na fassara da Hausa. Ban taɓa jin Hausa ta yi mini nauyi a baki kamar ranar ba.



Alhaji ya ja babban ma'aikacin gefe, suka daɗe suna magana. Na ga yana haɗa hannuwa, na ga ma'aikacin yana girgiza kai. Da ya dawo ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, abin da ya shiga fayil ya shiga, ko mutuminsa na Kano ba ya iya fitar da shi. Aka aika wa liman, ya ce hukuma ce ta tashe ta, ta tafi ta ƙarasa a can, babu zunubi a kanta. Gwaggo Amarya kuwa ashe kayanta a ɗaure suke tun makon jiya.

Ana fitar da kwanuka, na matsa jikin ƙofar. Na ce zan koma Kano yau ɗin nan, zan ɗaukaka ƙara, zan rubuta wa Legas.

"Malam, bari." Muryar ba ta rawa, wannan ya fi tsorata ni. "Abu ɗaya zan tambaye ka. Ina sauran hoton?"

"Wane saura?"

"Inda ka yanke. Fuskarsa. Shi kaɗai nake da shi, kuma can za su tambaye ni."

Na tuna kwandon sharar ɗakin malamai, na tuna yara suna ƙone shara kowace safiya. Na ce zan duba.

Ta ce to. Ta san ba zan samu ba.

A-kori-kurar Alhaji ce ta ɗauke su, don Basfa ba ta ɗaukar keken ɗinki. Landiroba a gaba, su a tsakiya, ni a baya, har Baban Mutum, kan iyaka, inda aka gitta ƙarfe a hanya. Mata sun fito ƙofar gidaje suna kallo. Mai takaba a bayan mota da rana tsaka, wasu ba su taɓa gani ba.

A bakin ƙarfen aka sauke su, don a rubuta fitarta. A nan na ga fuskarta, karo na farko tun Haladu yana da rai. Ta rame. Ba kwalli, leɓenta ya bushe, idon ya kumbura. Na daɗe ina shirya abin da zan ji ranar da zan sake ganin fuskar nan. Ba haka na shirya ba.

Gwaggo ta tafi neman mai amalanke, ta bar mu tsaye, tsakaninmu keken ɗinki.

"Ranar da kika fita, zan zo. Ko Adda ta tsine mini, ko a kore ni daga aiki."

"Za ka zo, na sani. Za su shimfiɗa maka tabarma, su kawo maka fura, su kira ka malamin da ya taimaka." Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. "Ni kuma ina ciki."

"Ki ce a'a, Kaltume. Ki riƙe ta wata biyu kawai."

"Da a nan ne."

"Ki yafe mini."

"Ban ce ka yi laifi ba. Ka yi wahala, ka sha rana, ka rasa tuwon gidanku. Duk na ji." Ta ja mayafinta ta rufe baki. "Da ma ka ƙi ni ne, Malam, da na san abin da zan yi da kai."

Aka kira sunanta. Ma'aikacin ya buga wa wata takarda hatimi, ya ce ta dangwala yatsa, ta dangwala. Aka ɗaga ƙarfen. Ta bi bayan amalanken, Gwaggo a gaba tana ta ba mai turawa umarni. Na tsaya ina jira ta waiwayo. Mai takaba ba ta waiwaye.

Alhaji ya tayar da motarsa. Ya leƙo ta taga ya dube ni, ya ja.

Da na dawo Babura la'asar ta yi, kuma ranar kasuwa ce. Basfa ta mutu mini a bakin kara, wurin cinikin dabbobi, na sauka ina turawa ta cikin jama'a. Masu canji suna zaune a inuwarsu suna kiran sefa, sefa. Buzaye sun durƙusar da raƙuman kanwa. Matan Tinkim da na Magariya, duk 'yan can Nijar, sun jera ƙoren nono, suna ciniki da harshen Damagaram, suna dariya. Wani makanikin da suka zo ƙasar nan mota ɗaya da Haladu ya taso ya duba mini fulogi, ya hura, ya mayar, ta tashi.

A teburin mai shayi na ga ƙaramin ma'aikacin nan yana cin burodi. Na zauna kusa da shi. Na tambaye shi gida nawa ya rage musu kafin gobe.

Ya ce babu. Ya ce su ina suka san sunan kowa a nan, garin da ba a gane na can da na nan. Abin da aka kai musu ofis, shi suke bi.

A duk garin Babura, Kaltume kaɗai aka fitar.